Ruwan Waɗanda Suka Tafi

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da matarka da yara. Mu ma muna nan, da sauƙi. 'Ya'yana biyu suna gaishe ka. Ƙaramar ta ce in tambaye ka ko har yanzu kana da gashi a ka, don hotonka da ke rataye a ɗakin marigayiya Inna ya koɗe, ita kuwa ba ta taɓa ganinka ido da ido ba. Shekara takwas ke nan, Yaya, ko kai ba ka ƙirga ba ni na ƙirga.

Bayan haka, na ba direban motar kasuwa wannan takarda ne don maganar ta fi ƙarfin waya. Ka san halin wayar garin nan, sai mutum ya hau tudu ya yi ta "kana ji na?" har ta katse. Kuma na san halinka, da zarar zance bai yi maka daɗi ba sai ka ce iska kawai kake ji.

Bana na dasa albasa fangali sittin a gonar marigayi mijina. Ni da babbar 'yata muka yi dashen, kwana tara muna duƙe, har yanzu in na miƙe sai bayana ya yi ƙara. Ta kama, ta yi kyau, sai dai ruwa. Rafin ba kamar yadda ka bar shi yake ba. Abin da ke shigowa hanyar ruwa yanzu bai wuce idon sawu ba. Rabona yana nan ranar Talata, daga fitowar rana zuwa azahar, kamar yadda gidan su mijina suka gada. Da can rabin yinin nan yakan cika fangali sittin har ya yi saura. Yanzu kafin ruwa ya kai na talatin da biyar Baffa ya iso da sandarsa ya ɗaga katakona, wanda ke tare hanya ya juyo ruwa gonata. Sauran ashirin da biyar ɗin da bokiti muke bin su daga rafi, ka kuwa san nisan.

To ga abin da ke cin raina. Gida goma sha biyu ke da katako a hanyar nan, gida biyu a rana, Juma'a a yashe hanya. Yau gida biyar kaɗai ke da mutum a ciki. Bakwai sun kulle ƙofa sun tafi birni, kai ne na biyu a tafiya. Amma Baffa, da yake shi ne mai rabon ruwa, bai fasa komai ba. In ranar gidan Maƙeri ta zo, sai ya je ya zare katakonsu daga bakin gonarsu ya gitta shi a hanya, ruwa ya juya ya shiga gonar da rabonta da fartanya shekara tara. Haka gidan Wanzami, haka gidan Mai Tabarma, haka naka. Kwana uku da rabi a kowane mako, ruwan garin nan ciyawa yake shayarwa. Ba wanda ya yi ƙiba a ƙauyen nan sai awaki da kwaɗi.

Ina roƙonka ka sakar mini rabon Baba da ka gada, na Asabar da yamma. Talata da Asabar, in na haɗa biyun nan albasata za ta kai. Na san abin da nake roƙo. Na san ba a arawa, ba a sayarwa, sai dai mai katako ya zo da ƙafarsa ya zare shi da hannunsa ya miƙa wa wanda zai bar wa rabon, a toshe bakin gonarsa da laka, shi ke nan har abada. Na daɗe ina jujjuya maganar kafin in ɗauki biro. Amma kai kana da aikinka na tuƙi a kamfani, ni kuwa albasar nan ita ce abincinmu na shekara, ita ce littafin yara, ita ce rufin ɗakin da ya fara yoyo. In ta lalace ban ga abin da zai riƙe mu a garin nan ba.

Ka gaida matarka, ka ce ina nan ina jiran zanen da ta yi mini alkawari tun ina da cikin ƙaramar. Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Auta

*

Zuwa ga Auta, barkonon gidanmu,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, tun kafin in buɗe ta na ji yaji a yatsuna. Muna lafiya, yara suna gaishe ki. Ki faɗa wa ƙaramarki gashi yana nan, sai dai ya ɗan ja da baya ya ba goshi wuri. Maganar zane na isar, mai ɗakina ta ce ba ta manta ba, ana kan saƙa shi ne.

Na karanta abin da kika rubuta har sau uku, kuma wallahi na tausaya miki. Amma kin cika gaggawa, tun kina yarinya haka kike, ke ce mai tone irin da kika shuka jiya ki ga ko ya tsiro. Rafi yakan ja baya ya dawo. Kin manta shekarun da manyan motoci takwas ke jerawa a gindin tsamiya suna jiran albasar garinmu? Kin manta yadda warinta ke shiga aji har malam ya riƙa koya mana lissafi yana hawaye? Baba yakan zauna a kan buhu yana ciniki da dillalai uku lokaci guda, ba wanda ya isa ya taya masa a wulaƙance. Labarin da nake ba yarana ke nan kullum bayan an ci abinci. Babban har ya zana gonar a bayan littafinsa, da hanyar ruwa da katako da komai, ya ƙara mata shanu biyu da ba mu taɓa mallaka ba.

Ni ban bar gida ba, aiki ne ya riƙe ni. Shekara biyu nake so, in haɗa abin da zan haɗa, in sayo injin ban ruwa, in dawo in tada gonar Baba. To in na zare katakon nan aka toshe, in dawo in tarar da me? Ke ma kin san wanda ya miƙa katakonsa ba a ƙara lissafa shi cikin masu gari, ko yasar hanya ba a kiransa. Kada ki sa in yi wa kaina haka da hannuna.

Ga shawara mai sauƙi, na yi mamakin da ba ta zo miki ba, ke da kike da kai. Ruwa aka hana arawa, ba a hana aron gona ba. Na ba ki gonar Baba, ki noma ta yadda kike so. Ki cire ashirin da biyar ɗin da ruwa ba ya kai musu ki mayar da su can, ranar Asabar su sha su ƙoshi. Kin ga ke kin samu, ni ban rasa ba, Baffa ma bai karya dokarsa ba. Zuwa kam ba zai yiwu yanzu ba, manaja ba ya ba da hutu a wannan lokaci.

Na ba direba sabulu sanda biyu da takalman yara. Ki gaida Baffa da kyau, ki ce ina nan tafe. Ki rage faɗa, yana tsufar da mace.

Yayanki

*

Yaya,

Salama da gaisuwa. Sabulu ya iso, mun gode. Takalman ko ƙafar ƙaramar ba ta shiga ba, na ba 'ya'yan maƙwabcina Dogo mai tumatir.

Ka ce shawara ba ta zo mini ba. Ta zo, tun shekara huɗu da suka wuce ta zo, ni da marigayi muka gwada. Ban gaya maka ba ne don ina tausayinka, yau kuwa tausayin ya ƙare. Gonar Baba ta mutu. Ruwa yana shiga yana kwanciya, ba mai huɗa, ba mai buɗe masa mafita, rana ta shanye shi ta bar gishiri. Ƙasar ta yi fari fat, in ka taka sai ta yi ƙaras-ƙaras. Gefe-gefe kawai ciyawa ke fitowa, tsakiya ko ita ta ƙi. Mun shuka wake bai fito ba. Muka sake da masara, ta kai tsawon yatsa ta ƙone. Mijina ya ɗebi ƙasar ya ɗanɗana, ya tofar, ya ce kada mu ƙara ɓata iri. Haka gonar gidan Maƙeri take, haka sauran. Ruwan da kuke riƙe da shi don ku dawo ku tarar da gona, shi ya cinye gonar. Ka faɗa wa ɗanka ya goge shanun, ya nemo farin alli.

Motoci takwas kake tuna mini. Ɗaya ke zuwa gindin tsamiya yanzu, ranar Alhamis, rabinta ma fasinja. Tun da aka bi da kwalta ta wancan ƙetaren, dillalai suka koma manyan gonakin sama masu injuna, su ne ke zuƙe rafin tun kafin ya iso mu. Injin da za ka sayo, me zai zuƙa? Sikelin kasuwa yana nan rataye, tsuntsu ya yi sheƙa a cikinsa. Makarantar da malam ke hawaye, aji shida sun koma ɗaki ɗaya. Ranar Juma'a mu gida biyar ke yashe hanyar da gida goma sha biyu suka haƙa. Har gaban gonarka ni nake kwashe wa laka, don in ban kwashe ba nawa ruwan ba zai wuce ba.

Na je wurin Baffa. Na same shi a ƙofar gida yana ɗinke takalminsa. Na durƙusa na roƙe shi ya juyo mini ruwanka na Asabar uku kacal, har albasa ta yi kai, ba sai kowa ya sani ba. Na ce, "Baffa, rabon ɗan'uwanka ne, ni kuwa 'yarsa ce. Wa zai gani?" Ya ce, "Ni zan gani." Daga nan ya shiga tambayata lafiyar yara. Na taso ina kukan haushi, na haɗu da akuyarsa a hanya na zage ta tas.

Zafi ya shigo, lawashi ya fara rawaya a fangalolin ƙarshe. Kafaɗar babbar 'yata ta saɓule da ɗaukar ruwa, jiya na kama ta tana ɓoye mini. Ba shekara biyu nake roƙon manajanka ba, kwana biyu ne. Ka biyo motar Alhamis, Juma'a ka taka zuwa kwalta ka koma. In ba za ka zo ba ka faɗa mini a fili, in san inda na dosa.

Ina jin haushinka, ba zan ɓoye ba, amma ina gaishe ka.

Auta

*

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Daga Baffanka mai rabon ruwa, zuwa ga ɗana, ɗan yayana marigayi. Aminci ya tabbata a gare ka da iyalinka. Ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Ni dai ga tsufa, gwiwa ta ƙi, ido ya rage, sai ka yi haƙuri da rubutun inda ya karkace.

Bayan haka, ban saba rubuta takarda ba, wannan ce ta uku a rayuwata. Dalilinta shi ne ƙanwarka ta ɗaga katakon da ba nata ba. Ranar Lahadi da hantsi, rabon gidan Maƙeri ne, na gitta katakonsu na koma gida. Ta je ta zare shi ta gitta nata. Ba ta ɓoye ba. Na dawo na same ta tsaye cikin ruwa da fartanya, ta dube ni ta ce, "Baffa, ga ni." Gida huɗu sun gani. Hukuncin ka san shi: wanda ya taɓa katakon wani, rabonsa biyu ya wuce shi, ruwan ya bi hanya ya koma rafi. Na yanke mata Talata biyu. Da bakina na yanke, kuma tun ranar abinci bai yi mini daɗi ba.

Na san za ka ce tsoho ya cika taurin kai. Ita ma ta faɗa, har da abin da ya fi haka. To bari in gaya maka abin da ubanka bai zauna ya gaya muku ba. Kakanku da mutum goma sha ɗaya suka sauko kwarin nan daga tudu, shekarar da rijiyoyinsu suka ƙafe. Ba komai a nan sai ƙaya da birai. Rani uku suna haƙa hanyar nan da fartanya da kwando. Biyu daga cikinsu ba su ga ranar da ruwa ya shigo ba, 'ya'yansu aka yanka wa katako. Ba wanda ya ba su, hannunsu ya ba su. Da kakanku ya rasu ubanka ya gaji katako, ni na gaji sanda. Ba ni da rabo a ruwan nan ko na kofi ɗaya, sai kwandon da kowane gida ke kawo mini in an girbe.

Da farko ana aro. Ina ɗan shekara tara, wani ya ara wa ƙaninsa rabonsa ya tafi fatauci. Bayan shekara biyu ya dawo cikin rani mai tsanani, ƙanin ya ce albasarsa tana tsakiyar yin kai, a ƙara masa mako uku. Uwa ɗaya uba ɗaya suke. A bakin hanyar ruwa wan ya sare shi da fartanya, ina tsaye, na ga ruwan ya canza launi har gonar ƙarshe. Bayan an binne shi dattawa suka zauna suka ce ba aro, ba ciniki, ba wakili. Mai katako ya riƙe, ko ya miƙa da hannunsa a toshe. Shekara sittin da shida ke nan ba a ƙara zubar da jini a kan ruwa a garin nan ba, alhali garuruwan sama kowane rani sai an kai wani asibiti.

Ba wai ban ga abin da ƙanwarka ta gani ba. Ni nake gitta katakon, ni nake tsayawa ina kallon ruwa yana shiga gishiri. Bara na tara gida biyar ɗin na ce ko za a sake doka. Uku suka ƙi, don kowannensu yana da ƙane ko suruki cikin waɗanda suka tafi, kuma kowa ya ce nasa zai dawo. Ka kuma sani, ranar da na matsar da katako ɗaya ba da hannun mai shi ba, washegari mai 'ya'ya maza shida zai matsar da na wanda ba shi da su. Wadda za a fara ci ita ce macen da ba ta da miji. Na faɗa mata haka, ta ce ai ko yanzu an ci ta.

Na aika wa gidaje bakwai ɗin saƙon baka ta hannun direba, har da kai, ba wanda ya zo. Kowa ya ce a gaida mutanen gida, yana nan tafe. Ba zan ce ka miƙa ba, ba zan ce ka riƙe ba, sandata ba ta kai nan ba. Sai dai kada ka aiko da rubutu ka ce ka yafe, takarda ba ta ɗaga katako. In za ka zo, ka zo da wuri. Ita da 'yarta suna ɗebo ruwa daga rafi tun safe har rana ta faɗi. Jiya na ƙirga fangalin da ke da rai, ashirin da biyu ne.

Allah ya yi maka albarka, ya shirya zuriyarka. Wassalam.

Baffanka

*

Zuwa ga ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida yara. Yau ba wasa a bakina.

Takardarki ta yi mako biyu a aljihuna ban amsa ba, sai ga ta Baffa. A tsaye na fara karanta ta a wurin aiki, sai da na nemi dutse na zauna.

Auta, ba manaja, ba kamfani. Shekara biyar ke nan da aka rufe shi, aka sayar da motocin, aka ce mu je za a neme mu. Wankin mota nake yi a bayan wata tasha, mu shida a rumfa ɗaya, da soso da tiyo. Ɗaki ɗaya muke ciki ni da mai ɗakina da yara huɗu, labule ya raba mu. Hoton da na aiko muku ina jingine da farar mota, wanke ta na gama yi. Sabulun ma na wurin aikin ne. Da farko na ɓoye don kada hankalin Inna ya tashi, bayan nan ƙaryar ta riga ta girma. Ko ranar da aka binne ta, kunya ce ta hana ni zuwa, ba aiki ba.

Kin ce gonar ta mutu. Na yarda, ba ki taɓa yi mini ƙarya ba, ni ne mai yi. Amma ki gane, a nan ni ba kowa ba ne. "Kai, mai wanki" ake kirana, wanda na girme wa ubansa yakan jefo mini makulli ko kallona bai yi ba. Abin da ke riƙe da ni shi ne duk ranar Asabar in azahar ta yi, sai in ce a raina, yanzu Baffa ya gitta katakona, yanzu ruwa na shiga gonata. Akwai wuri ɗaya a duniya da ake yin wani abu dominni ko ba na nan. Ban taɓa tsayawa na tuna daga bakin 'ya'yanki ake ɗauke ruwan ba, ko kuwa na tuna na kau da kai. Na fi zaton na biyun ne.

Jiya na zaunar da babban ɗana na gaya masa gaskiya. Ya tambaye ni ko tsamiyar ma ƙarya ce. Na ce a'a, tana nan.

Zan zo. Na yi magana da mai rumfa, ya ce in na wuce kwana uku zai sa wani a gurbina, na ce na ji. Kuɗin mota bai haɗu ba sai mako mai zuwa, don haka wannan Alhamis direba zai kawo miki takarda, ta sama zai kawo ni da kaina. Ki faɗa wa Baffa a tanadi laka. Ki riƙe abin da ya saura da rai har in iso, don Allah, ko fangali goma ne. Ki yafe mini in kin iya.

Yayanki

*

Yaya,

Salama. Takardarka ta same ni a gindin tsamiya da kayana a ɗaure, a kan gwiwata nake rubuta wannan kafin direba ya gama lodi. Na karanta, na yi kuka, na yafe maka. Kada ka zo. Ka riƙe wankinka, ka riƙe katakonka.

Fangali bakwai suka rayu, albasar kamar ƙwan tantabara. Buhu ɗaya da rabi, yana cikin motar nan tare da mu. Za mu sauka a garin ƙanwar mijina, ta ce ana ɗaukar mata tsintar hatsi a wani sito, har babbar ma za a ɗauka.

Jiya matar Dogo ta zo taya ni ɗaure kaya, ta yi ta kewaye-kewaye, can ta ce tumatirinsu ya fara zubar da fure, ga yara biyar. Rabona na Talata take so in miƙa musu. Na ce ba sai ta ƙarasa ba, wa ya fi ni sani? Na aika aka kira Baffa. Gida huɗu suka taru a bakin gonata, Dogo da kansa ya kwaɓa lakar. Na sunkuya na kama katakon. Gefensa ya yi sumul inda hannun mijina ya saba kamawa, da na ubansa. Na ja shi ya taso kamar tsawon tafin hannu. Ba shi da nauyi, Yaya, ko ƙaramar za ta iya ɗaga shi. Sai na ji bakina yana cewa, "Baffa, a bar mini shi. Zan dawo."

Ba wanda ya zage ni, da ma sun zage ni. Baffa ya ce to. Dogo ya wanke hannunsa a hanyar ruwa, ya yi mini fatan sauka lafiya.

Talata da safe Baffa zai buɗe wa gonata. Na san abin da ruwan zai yi mata, na san shekara nawa zai ɗauka.

Direba yana kira. Ka gaida yara.

Ƙanwarka,
Auta